Daga Bango Zuwa Allo: Neman Fulogin da Ya Dace da Adaftar Kwamfuta a Diggi da Kewayenta

Allon kwamfuta na zamani, wanda masu gyara da 'yan kasuwa suka fi kira monita, ba kasafai yake mutuwa da kansa ba, domin abin da ya fi saurin lalacewa a tare da shi shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ke tsakanin bango da allon, wanda ake kira adafta, wasu kuma su ce caja saboda kamarsa da ta kwamfutar tafi-da-gidanka. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar da ke fitowa daga soket, mai ƙarfi kuma mai kai-komo, ya rage mata ƙarfi ya mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta mai gudu ta fuska ɗaya, irin wadda kayan cikin allon za su iya ɗauka. Idan ya ƙone, sai a jingine lafiyayyen allo a kusurwar ɗaki ƙura ta rufe shi. A gari irin Diggi, da ke ƙaramar hukumar Kalgo cikin masarautar Gwandu a jihar Kebbi, inda kwamfuta ɗaya takan ɗauki nauyin buga takardun makaranta da cike fom na jarrabawa da rubuta wasiƙun neman aiki na jama'a da dama, samun madadin wannan akwati, da samun fulogin da zai haɗa shi da bango lafiya, ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, har ya zama dole ɗalibin karkara ya saba da allo kafin ranar da zai zauna a gabansa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan sha'ani shi ne ɗaukar shigar abu cikin rami a matsayin shaidar dacewarsa. Mai saye yakan tambayi mai shago ko kan zai shiga, mai shago ya cusa ya ce ya shiga, a kunna allo ya kawo haske, a biya kuɗi a yi sallama, alhali kuwa tsakanin bango da allo akwai mahaɗa uku, kowace da ƙa'idarta, kuma kowace tana iya karɓar abin da ba nata ba ta yi aiki na ɗan lokaci kafin ɓarnar ta bayyana. Ta farko ita ce inda siririyar wayar adafta ke shiga bayan allo, ta biyu ita ce inda kakkaurar wayar wuta ke shiga jikin adaftar, ta uku kuma ita ce fulogin da ke shiga soket ɗin bango. Kuskure a ta farko yana kashe allo, wanda asara ce ta kuɗi, amma kuskure a ta uku yana iya tayar da gobara ko ya sa wuta ta ja mutum, kuma abin takaicin shi ne ita mutane suka fi rainawa, saboda kayanta ne mafi arha.

Yawan nau'o'in fulogi da ake gani a kasuwannin Kebbi gado ne na mulkin mallaka da kuma na hanyoyin fatauci. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, inda wutar gida ke da ƙarfin bolt 230, wato ma'aunin ƙarfin tunkuɗar wuta, kuma take kai-komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Tsohon fulogin Ingila, mai lambar ƙa'ida BS 546, yana da ƙafafu uku zagayayyu, kuma har yanzu ana samun babbansa mai ɗaukar amfiya 15 a jikin na'urar sanyaya ɗaki, yayin da ƙaraminsa mai amfiya 5 ya rage a tsofaffin gine-gine. Amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana cikin waya. Sabon, mai lamba BS 1363, shi ne mai ƙafafu uku masu kusurwa huɗu wanda aka fi sani a yau. Jamhuriyar Nijar da ta Benin, waɗanda dukansu ke da iyaka da jihar Kebbi, sun gaji tsarin Faransa, mai ƙafafu biyu zagayayyu, inda ƙafar ƙasa, wato wadda wutar da ta ɓalle ke bi ta tsere, take tsaye a jikin soket ɗin maimakon a jikin fulogi. Ƙarfin wutar ƙasashen uku kusan ɗaya ne, hasali ma layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun a shekarun 1970 wutar Kainji yake kaiwa, saboda haka na'urar da aka saya a Gaya ko Malanbil ba ta da wata matsala da wutar Kalgo, sai dai fuloginta da soket ɗin bangon ba za su taɓa zama daidai ba.

Yana da kyau a san dalilin da ya sa fulogin da Nijeriya ta gada ya fi sauran girma da nauyi, domin wanda ya san dalilin ba zai yi saurin watsar da shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti don tsara wayarin gidajen da za a gina bayan yaƙi, wanda ya fitar da rahotonsa a 1944, kuma mace ɗaya tilo a cikinsa ita ce Caroline Haslett, injiniyar da ta shahara wajen neman kare mata da yara daga haɗarin lantarki a cikin gida. Saboda ƙarancin jan ƙarfe, kwamitin ya ba da shawarar a zagaya gida da waya ɗaya mai ɗaukar soket da yawa a ƙarƙashin babban fis guda mai amfiya 30, fis kuwa shi ne siririn ƙarfen da ke narkewa ya yanke wuta idan ta wuce kima. Tun da wannan babban fis ba zai kare siririyar wayar fitila ko ta rediyo ba, sai aka sa wa kowane fulogi nasa ƙaramin fis a ciki, kuma a 1947 tsarin ya fito. An tsawaita ƙafar ƙasa fiye da sauran biyun don ta riga su shiga kuma ta zama ta ƙarshen fita, aka kuma sa wa ramukan soket 'yan ƙofofi waɗanda ba sa buɗewa sai ƙafar ƙasa ta tura su, don kada yaro ya zura ƙusa. A 1984 aka ƙara da rufe rabin ƙafafun wuta da roba, yadda yatsa ba zai taɓa ƙarfe mai wuta ba yayin cirewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai kariya ce, kuma su ne daidai abubuwan da dabarun gaggawa na yau da kullum ke rushewa.

Yawancin allunan da ke isa wannan yanki na hannu ne, waɗanda aka yi aiki da su a ofisoshin Turai ko Amurka kafin a loda su a jirgin ruwa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, tare da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Nijeriya, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa ƙasar a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, Jamus da Birtaniya suna kan gaba. Daga kasuwar Alaba da ta kwamfuta ta Ikeja kayan ke hawowa Kano, su ratsa Sabon Gari da titin Beirut, ko su bi ta Yawuri da Jega zuwa Birnin Kebbi, wasu kuma su shigo daga Kwatano ta kan iyakar Kamba. A cikin wannan doguwar tafiya allo yakan rabu da adaftarsa ta asali, a zuba adaftoci a buhu ɗaya wayoyi a wani, ta yadda mai sayarwa na ƙarshe haɗa-haɗa yake yi da abin da ya samu. Shi ya sa ake ganin allon da aka ƙera a Koriya da adaftar wani kamfani dabam da waya mai fulogin Jamus duk a kan teburi guda.

Mahaɗar farko, wato ta bayan allo, ita ce ta fi buƙatar karatu, kuma karatun a rubuce yake a jikin kayan. A bayan kowane allo akwai 'yar takarda da ke faɗin wutar da yake so, a jikin adafta kuma akwai layi biyu, ɗaya na wutar da take karɓa ɗaya na wadda take fitarwa. Adadin da harafin V ke biye da shi a layin fitarwa dole ne ya yi daidai da na allon ba ragi ba ƙari: allunan LG da yawa suna cin bolt 19, na Samsung da yawa bolt 14, wasu ƙananan kamfanoni kuma bolt 12, kuma duk wanda ya ɗora adaftar 19 a kan allon 12 yana iya ƙona shi nan take. Adadin da harafin A ke biye da shi kuwa hukuncinsa dabam ne, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, domin mutane da yawa suna tsoron adafta mai amfiya da yawa za ta fi ƙarfin allon. Gaskiyar ita ce allon ne ke jan abin da yake buƙata, kamar yadda yawan ruwan rijiya ba ya cika guga fiye da girmansa, saboda haka adafta mai amfiya 3.42 za ta ciyar da allon da ke son 1.7 cikin sauƙi ba tare da ta yi zafi ba, amma mai 1.3 za ta wahala, ta yi zafi, allon ya riƙa ɗaukewa yana dawowa har ta mutu. Idan aka ninka bolt da amfiya ana samun wat, wato jimillar ƙarfin da na'ura ke ci, don haka bolt 19 sau amfiya 1.7 ya ba da wat 32 da 'yan kai, wanda ke nuna cewa allo ba wani mai cin wuta ba ne.

Akwai kuma ɗan zane da ake yawan tsallakewa, na ɗigo a cikin rabin da'ira, da alamar tarawa a gefe ɗaya da ta ɗebewa a ɗayan, wanda ke nuna ko tsakiyar kan adaftar ce ke ɗauke da wutar tarawa ko bayansa. Kusan dukkan alluna tsakiya suke so, amma akwai adaftocin wasu kayan kiɗa da aka juya, kuma kansu yana shiga ramin allo sumul. Shi kansa kan yana da awo biyu, faɗin waje da faɗin ramin ciki, da milimita ake lissafa su. Mai 5.5 da 2.1 da mai 5.5 da 2.5 ido ba ya bambanta su, sai dai na biyun idan ya hau kan tsinken da aka yi don na farko yakan yi sako-sako, har a ga mai shago ya naɗe wayar a jikin ƙafar allo ko ya tokare ta da littafi don hoton ya tsaya, kuma wannan tartsatsin da ke faruwa a ciki a hankali yake cinye ramin. Allunan LG da Samsung da yawa suna amfani da kai mai 6.5 da 4.4 wanda ke da tsinke a tsakiyarsa, yayin da manyan kawunan Dell da HP masu 7.4 da 5.0 tsinkensu na tsakiya ba na wuta ba ne, na gane adafta ne. Mai gyaran da ya yanke kan tsohuwar adafta ya liƙa shi da dalma a jikin sabuwa bai yi laifi ba, matuƙar ya auna da mita ya tabbatar da ƙarfin wutar da fuskar da take bi kafin ya kusanci allon.

Mahaɗa ta biyu ita ce mafi sauƙi, kuma a cikinta mafitar matsalar fulogi take, ko da yake mutane ƙalilan ne ke lura. A yawancin adaftoci wayar da ke zuwa bango ba a manne take ba, cire ta ake yi, kuma ramin da take shiga yana bin ƙa'idar duniya ɗaya mai lamba IEC 60320, wadda ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Nau'i uku ne suka shafi wannan batu: babba mai ramuka uku, C13, wanda ake gani a bayan kwamfutar teburi da allunan da adaftarsu ke ciki, yana ɗaukar amfiya 10, mai da'ira uku a cure, C5, na cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, da mai ramuka biyu mai siffar lamba 8, C7, irin na rediyo, waɗannan biyun kuma amfiya 2.5 suke ɗauka. Ma'anar wannan ita ce duk adaftar da ta zo da fulogin Amurka ko na Faransa ba ta buƙatar wata dabara, abin da take buƙata kawai shi ne a zare wayar a sa wata mai irin wannan kai amma mai fulogi ƙafa uku na Nijeriya. Sharaɗin guda shi ne a duba layin wutar shiga a ga an rubuta 100 zuwa 240, domin wutar Amurka bolt 120 ce, kuma ko da yake kusan duk adaftocin zamani suna karɓar kowace, tsofaffin kwamfutocin teburi da suka fito daga can suna da ɗan jan maɓalli a baya wanda in ba a mayar da shi kan 230 ba za a ji fashewa da warin ƙuna tun a kunnawar farko.

A mahaɗa ta uku ne ake ganin abin da ya kamata ya dami kowa. Fulogin Turai mai ƙafa biyu ba ya iya buɗe ƙofofin soket da kansa, don haka sai a ga mutum ya ɗauki murfin biro ko tsinken ashana ko makulli ya tura cikin ramin sama, ƙofofin su buɗe, ya danna fulogin da ƙarfi. Tazarar ƙafafun fulogin Turai milimita 19 ce, ta soket ɗin Nijeriya kuwa ta haura 22, kuma zagayayyen ƙarfe ba ya kwanciya sosai a maƙallin da aka yi don mai kusurwa, saboda haka wurin haɗuwar yakan zama ɗan ƙarami, ya yi zafi, ya buɗa maƙallan har soket ɗin ya daina riƙe ko da fulogin da aka yi dominsa. Baƙin tabon da ake gani a bakin ramukan soket a shaguna da yawa daga nan yake. Fulogin Jamus mai kauri kuma ƙasarsa a gefe take, a jikin wasu 'yan ƙarafa biyu, na Faransa kuma rami ne da ke jiran ƙafar soket, don haka duk wanda aka cusa a bangon Nijeriya ya rasa wayar ƙasa gaba ɗaya, kuma ba shi da fis. Mafi muni shi ne a yanke fulogin a fere wayoyin biyu a zura su tsirara a danne da ashana, a ɗakin da yara ke shiga, a ƙarƙashin rufin da aka yi wa silin da katako ko zana, a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40 kuma iskar hunturu ke busar da komai.

'Yan adaftocin bango masu ramuka barkatai da ake sayarwa a kan tire, da dogayen soket na ƙari masu karɓar kowane fulogi, sun fi ashana, amma ba da nisa ba. Ramin da aka faɗaɗa don ya karɓi siffa biyar ba ya riƙe ko ɗaya da kyau, yawancinsu ba su da ƙofofi ba su da fis, kuma idan aka buɗe wasu za a tarar ramin ƙasa ba a haɗa shi da komai ba. Nauyin adaftar da ke rataye a jikinsu yakan janye ta a hankali har ƙafafun su fito rabi suna ɗauke da wuta.

Idan wayar a manne take da adaftar, ko kuma ba a sami madadinta ba, hanyar da ta dace ita ce a yanke baƙon fulogin a ɗaura na Nijeriya, aikin da bai wuce na 'yan mintuna ba ga mai sukundireba, amma yana da ƙa'ida. Idan aka buɗe murfin aka fuskanci cikinsa, waya mai ruwan ƙasa, wadda ke ɗauke da wuta, tana zuwa dama inda fis yake, shuɗiya tana zuwa hagu, mai ratsin kore da rawaya kuma tana hawa sama wurin doguwar ƙafa. Ana barin ta ƙasa ta fi sauran tsawo kaɗan, don idan aka fizgi wayar ta zama ta ƙarshen tsinkewa, kuma maƙallin da ke bakin fulogin rigar waje ta wayar zai danne ba 'yan wayoyin ciki ba. Akwai tarko a wajen launi wanda ya kamata kowane mai wayarin ya sani: a tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake bi a wayarin gidaje da yawa a Nijeriya, ja ce mai wuta baƙa kuma ita ce mai mayarwa, amma a wayar Amurka baƙa ce mai wuta, fara ce mai mayarwa, kore ce ta ƙasa. Wanda ya saba da ja da baƙi idan ya ci karo da wayar Amurka zai iya juya su, fis ya koma layin da ba shi ne mai haɗari ba, ta yadda ko ya narke na'urar tana nan da wuta a cikinta. Fulogin da aka yanke kuma bai kamata a bar shi a ƙasa ba, domin yaro zai iya cusa shi a soket ya kama guntun wayar.

Fis ɗin da ke zuwa a cikin sabon fulogi kusan kullum mai amfiya 13 ne, mai rubutu ruwan ƙasa, wanda aka yi don dutsen guga da butar dafa ruwa, kuma ya yi wa siririyar wayar adafta yawa ƙwarai. Wanda ya dace da allo shi ne mai amfiya 3, mai jan rubutu, ko mai 5 ga kakkaurar waya, amma da wuya a same su a ƙananan shaguna saboda ba a tambayarsu, ba a tambayarsu kuma saboda ba a san amfaninsu ba. Fis na gaske farin tangaran ne cike da yashi mai kashe tartsatsi, jabu kuwa fanko ne, kuma al'adar naɗe wanda ya ƙone da takardar sigari mai ƙyalli ko zaren waya daidai take da cire shi. Jabun wayoyi ma sun yi yawa: akwai masu fulogin da aka zuba da roba ba wurin fis ko kaɗan, akwai waɗanda aka rufe ƙafar ƙasarsu da roba har rabi, abin da ƙa'ida ta hana, akwai kuma waɗanda cikinsu alminiyam ne ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe, kuma mayen ƙarfe yana tona asirin na ƙarshen. Wannan abin kunya ne a ƙasar da kamfanoninta irin su Cutix na Nnewi da Coleman suka yi suna wajen ƙera wayar lantarki mai inganci. Tsohuwar waya ta hannu da ta fito daga ofishin Ingila sau da yawa ta fi sabuwa mai arha da ke cikin leda aminci.

Duk wannan bayani a kan ƙafar ƙasa ya dogara ne da cewa akwai wayar ƙasa a cikin bangon, kuma a gidaje da shaguna da yawa na karkara waya biyu kawai aka ja don rage kuɗi. Wayar ƙasa ita ce hanyar da wutar da ta ɓalle zuwa jikin na'ura ke bi ta tsere, ta hanyar sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa, wadda masu wayarin kan zuba wa gawayi da gishiri don ta riƙe danshi a lokacin rani. Adaftar da ke da alamar murabba'i a cikin murabba'i an lulluɓe ta ninki biyu, ba ta buƙatar ƙasa, kuma ita ce ta fi dacewa da irin waɗannan gidaje. Mai ramuka uku kuwa da ƙasa aka tsara ta, kuma rashinta ne ke sa a ji ɗan tsikari idan aka taɓa ƙarfen bayan kwamfuta da ƙafa ba takalmi. Ƙananan janareto da ake kunnawa a ƙofar shago su ma ba su da ƙasa sai an kafa musu.

Yanayin wutar kanta yana da hannu a mutuwar adaftoci. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara, kuma babbar tashar Birnin Kebbi da ke karɓar layin Kainji ita ce ƙofar wutar yankin, kamar yadda gobarar da ta kama ta a watan Satumba na 2023 ta nuna lokacin da jihohin suka shiga duhu. Raunin wuta, wanda garuruwan da ke ƙarshen layi suka saba da shi, ba shi ne ya fi cutar da adaftar zamani ba, tun da tana aiki har ƙasa zuwa bolt 100. Abin da ke kashe ta shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka maido da wuta, da tsawar damina da ke bin layi, da hawa da saukar janareto idan mai ya kusa ƙarewa, da kuma tsinkewar wayar mayarwa a taransifoma, wadda kan iya tura kusan bolt 400 cikin gida. Fis ba ya kare na'ura daga waɗannan, wayar kawai yake karewa, don haka kashe soket da zare fulogi idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso ya fi kowace na'urar kariya mai arha. Masu sola kuma sukan yi sha'awar haɗa allon bolt 12 kai tsaye da batir, alhali batir da ke kan caji yakan haura bolt 14, saboda haka sai an sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani.

Hukumomin da alhakin ya rataya a kansu suna nan: hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wadda aka kafa a 1971 kuma take tantance kayan da ake shigowa da su, da hukumar NEMSA da dokar 2015 ta ba ikon duba wayarin da kayan lantarki. Sai dai ikonsu ya fi ƙarfi a tashar jirgin ruwa da manyan gine-gine, ba ya kai wa ga tiren mai talla a ranar kasuwa. A matakin duniya ma yunƙurin haɗa kan fulogi bai yi nisa ba, domin tsarin bai-ɗaya da aka fitar a 1986 mai lamba IEC 60906-1 Afirka ta Kudu ce ta ɗauke shi, Barazil kuma ta ɗauki wani abu mai kama da shi, sauran ƙasashe suka ci gaba da nasu. Dokar Tarayyar Turai da ta wajabta kan caja na USB-C daga 28 ga Disamba 2024 ta shafi wayoyin hannu da makamantansu, ta kuma sanya Afrilu 2026 a matsayin wa'adin kwamfutocin tafi-da-gidanka, amma ba ta shafi allunan teburi ba, ba ta kuma taɓa fulogin bango ba, don haka tsofaffin alluna masu kawuna iri-iri za su ci gaba da sauka a Legas shekaru masu yawa.

Ga mutumin Diggi, kuɗin mota zuwa Kalgo ko Birnin Kebbi da dawowa yakan kusanci kuɗin adaftar kanta, kuma idan ya dawo da wadda ba ta dace ba tafiya ta zama biyu, wanda shi ne ainihin abin da ke tura mutane ga ashana da salatif. Wanda zai tafi ya kamata ya riƙe matacciyar adaftar da wayarta, ya ɗauki hoton takardar bayan allon da wayar hannu, ya kuma nemi a auna masa sabuwar da mita a gabansa. Ƙaramar hukumar da ke ɗauke da mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma take maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ba ta rasa matasan da suka karanta lantarki, kuma jarin da ɗayansu ke buƙata don ya toshe wannan giɓi a Diggi bai wuce mita ɗaya ba, da wayoyi nau'i ukun nan masu fulogin Nijeriya, da fulogai masu kyau, da kwalin fis mai amfiya 3 da mai 5.